Shingen Ragar Ƙarfe: A Killace Lambu, A Bar Burtali

Duk wanda ya san ƙauyen ƙasar Hausa ya san cewa shekara kashi biyu ce a wurin dabbobi. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke, a yiwo musu ciyawa, shanu kuma a nisanta su da gonaki. Da zarar an gama yankan dawa da roron wake, sai a kwance su, su bazu cikin karkara suna kalar abin da ya saura. Wannan tsari ya daɗe, kuma babu wanda ya zalunta a zamanin da noma na damina ne kusan kacokan. To amma yau noman rani ya zama abin dogaron dubban magidanta, tun daga masu tumatir na Kadawa da Ɗanja, har zuwa masu albasa na Aliero da Galmi, da masu ƙananan lambuna a bakin kowace fadama. Shi kuwa manomin rani yana shuka ne a daidai lokacin da al'ada ta bai wa dabba 'yancin yawo. Saboda haka nauyin tsare amfanin ya koma wuyansa, kuma har yanzu makaminsa shi ne wanda ya gada daga kakanni, wato ƙaya da kara.

Ra'ayina a nan shi ne, lokaci ya yi da masu ruwa da tsaki a harkar noma za su dubi shinge a matsayin kayan aikin gona, daidai da taki da iri da injin ban ruwa. Daga cikin nau'o'in shingen zamani kuwa, wanda ya fi dacewa da ƙaramin manominmu shi ne ragar ƙarfe da aka yi wa walda, wadda ake sayarwa falle-falle. Sai dai wani hanzari ba gudu ba, ƙarfen da zai tsare lambun talaka shi ne kuma zai iya toshe hanyar shanu idan ya faɗa hannun mai haɗama. Don haka wajibi ne maganar shinge ta zo tare da maganar iyakarsa.

Bari mu fara da abin da shingen gargajiya yake ci mana, domin da yawa suna ɗaukar sa tamkar kyauta. Kowace shekara manomin lambu zai ɗauki gatari ya shiga daji, ya saro rassan magarya da aduwa da farar ƙaya da bagaruwa, ya jawo su ya jera. Kafin wata kaka ta zagayo, gara ta cinye wani sashe, masu neman itacen girki sun zare wani, ruwan fadama ya tafi da sauran. Sai a sake komawa daji, wanda kowace shekara yake ƙara nisa. Abin mamaki, gwamnatocin da suke kashe kuɗi a kan gangamin dashen itatuwa, har da shirin babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ba su cika tambayar inda ƙayar shingen lambuna take fitowa ba. Hasali ma dashen da ake yi a wajen bukukuwan, sau da yawa akuya ce take ƙaddamar da shi bayan manyan baƙi sun watse, domin babu abin da aka kewaye shi da shi.

Karan dawa da na gero ma sun daina zama abin banza. Abincin dabbobi ne da rani, makamashi ne a madafa, kuma kuɗi ne a kasuwa. Wanda ya yi danga da su ya hana dabbarsa, sannan dangar kanta abinci ce ga akuyar da ake son a kora. Ga kuma asarar da ba a lissafawa: yaran da ake zaunar da su gadin lambu a lokacin da ya kamata su kasance a makaranta, da zumuncin da ke lalacewa tsakanin maƙwabta. Mu faɗi gaskiya, ba kowace ɓarna ce ta shanun baƙin makiyaya ba. Ƙararraki da dama da ke zuwa gaban masu unguwanni da dagatai a kan awakin cikin gari ne, waɗanda galibi na mata ne, kuma su ne asusunsu na biki da rashin lafiya. Idan akuya ta cinye fangalin latas, ko dai manomi ya yi asarar guminsa, ko a ci tarar matar da jarinta ke nan. Ta kowace fuska talaka ne ya sha kashi.

Shari'ar Musulunci ma ba ta bar wannan batu a buɗe ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke cewa tsaron gona da rana a kan mai gona yake, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu su ne za su biya. Ma'ana kowane ɓangare yana da nasa nauyin. Tambayar ita ce, da me mai gona zai sauke nasa, kuma a cikin me mai dabba zai kwanar da dabbarsa? Amsar duka biyun shinge ce.

To mece ce wannan raga? Manoman Amurka sun daɗe suna amfani da ita, kuma ana samun ta a kantunan kayan gona na ƙasar. Sanduna ne na waya mai kauri, wadda kaurinta ya ɗan haura milimita 5, aka gicciya su tsaye da kwance, aka liƙe kowace mahaɗa da walda, sannan aka yi musu wankan tutiya irin wanda ke hana kwanon rufi tsatsa. Fallen da aka fi sani, wanda ake yi domin shanu, tsawonsa ƙafa 16 ne, wato mita 5 ba kaɗan, tsayinsa inci 50, nauyinsa kuma kimanin kilo 16. Akwai gajere mai inci 34 wanda idanunsa suke matsewa daga ƙasa, akwai kuma na awaki da tumaki mai ƙananan idanu, inci 4 a kowane ɓangare. Ana kafa dirkar ƙarfe ko ta itace, a jingina fallen, a ɗaure shi da waya, shi ke nan.

Bambancinta da wayoyin da muka saba gani shi ne taurinta. Waya mai ƙaya da ragar da ake sayarwa a naɗe sai an ja su sun ɗame, kuma ɗamewar tana buƙatar manyan dirkoki da aka zuba wa siminti a kowace kusurwa. Da sun saki, amfaninsu ya ƙare. Waya mai ƙaya, bugu da ƙari, ba ta cika tare akuya ba, sai dai ta yage mata fata ko hantsa, alhali fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi sananniya ce a kasuwannin duniya. Shi kuwa fallen walda da kansa yake tsayawa. Idan sa ya goga jikinsa a kai, zai ɗan lanƙwasa ya dawo. Mutum biyu za su iya kafa shi ba tare da wani injin ba, kuma idan aka ɗaure gefe ɗaya kawai ya zama ƙyaure.

Babbar falalarsa a wurinmu ita ce ana iya cire shi a tafi da shi. Manoman rani da yawa ba su mallaki filin da suke nomawa ba, aro ne ko haya ko jingina. Babu mai hankalin da zai gina katangar bulo a filin wani, ko a fadamar da ruwa zai shanye a watan Agusta. Amma fallen raga, da an kwashe amfani sai a kwance shi, a ɗora a amalanke a kai gida. Da damina kuma, lokacin da doka ta juya ta ce a tsare dabbobi, fallayen nan su ne za su zama makwancin awaki da tumaki, a huta da igiyar turke da ke shaƙe su. Mai kiwon ragunan layya zai amfana da su. Wanda yake son taki ya game gonarsa zai iya kwanar da dabbobi a cikinsu, yana matsar da su daga wannan kusurwa zuwa waccan. Masu lambu a Amurka har lanƙwasa fallen suke yi kamar bakan gizo, kokwamba da wake da sauran tsirrai masu yaɗo su hau kai, 'ya'yan su tsira daga ruɓewa a ƙasa. Kaya ɗaya, aiki rani da damina.

Na san abin da mai karatu zai ce: ina kuɗin? Tambaya ce mai nauyi, musamman tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin duk wani abin ƙarfe ya yi tashin gwauron zabo. Babu amfanin yaudarar kai, wannan raga ba ta gonar gero mai faɗin eka goma ba ce. Amfanin da za a samu a irin wannan gona ba zai biya ta ba. Wurinta shi ne inda ƙaramin fili yake ba da kuɗi mai yawa: lambun kayan miya, garkar mangwaro da gwaiba, wurin renon dashe, lambun makaranta, da makwancin dabbobi.

Ko a nan ɗin ma, lissafi yana nuna cewa dabarar tana cikin haɗin kai. A ɗauki manomin da ke da rubu'in hekta, wato mita 50 a kowane ɓangare. Kewayen filinsa mita 200 ne, zai buƙaci falle 41. Idan mutum 16 masu irin wannan fili kowa ya yi gaban kansa, falle 656 za su saya. Amma idan filayensu a haɗe suke, suka zama hekta 4 mai mita 200 a kowane ɓangare, kewayen duka mita 800 ne, falle 164 ya ishe su. Kowane mutum ɗaya falle 10 da ɗan ɗoriya ya hau kansa a maimakon 41, wato kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Wannan ba hasashe ba ne, awo ne da kowa zai iya gwadawa da alƙalami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙungiyoyin manoman fadama da aka kafa a ƙarƙashin shirye-shiryen Fadama na Bankin Duniya tun daga shekarun 1990 sun riga sun saba da sayen injin ban ruwa a haɗe. Shinge bai fi ƙarfin irin wannan tsari ba.

Matsala ta biyu ita ce inganci, domin araha ba ta ado. Ragar da magina ke shimfiɗawa a cikin kankare ta yi kama da wannan a ido, kuma ta fi sauƙin kuɗi, amma ba a yi mata wankan tutiya ba, an yi ta ne domin siminti ya rufe ta. Idan aka kafa ta a damshin fadama, tsatsa za ta fara daga mahaɗun walda ta ci ta. Ko a cikin masu tutiyar ma, wadda aka tsoma bayan an gama walda ta fi ƙarko, saboda zafin walda yana ƙone tutiyar da ke kan mahaɗa. Girman ido shi ma abin lura ne. Fallen shanu yana da manyan idanu, akuya mai ƙaho za ta zura kai ta kasa fitarwa, ɗan akuya kuma ya wuce abinsa. Tunda awakinmu masu ƙaho ne, mai ƙananan idanu ya kamace mu, aƙalla daga ƙasa zuwa tsakiya. Wanda ya shigo da fallen shanu ya sayar wa masu lambu, ya sayar musu da rigima.

Ta uku ita ce sata. A ƙasar da ake cire murafan kwalbati da wayoyin lantarki a kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, babu wanda zai yi tsammanin za a ƙyale raga a bakin rafi. Sauƙin cirewar da muka yaba shi ne kuma rauninta. Maganin bai wuce abin da aka ambata ba: shinge na haɗaka yana da masu ido da yawa, ana iya ɗaukar mai gadi ɗaya a raba kuɗinsa, a yi wa fallaye alama da fenti, kuma a kwashe su idan lokacin aiki ya wuce. Hukumomi kuma su sa ido a kan kasuwar tsofaffin ƙarafa, wadda dama ta daɗe tana neman gyara.

Amma duk waɗannan ƙananan matsaloli ne idan aka kwatanta da babbar, kuma tarihin Amurka kanta ya ishe mu darasi. A 1874 wani manomi mai suna Joseph Glidden a jihar Ilinoi ya sami rajistar mallakar waya mai ƙaya irin wadda ta yaɗu a duniya. Cikin 'yan shekaru masu kuɗi a jihar Teksas suka shiga killace dubban ekoki, har da filayen gwamnati da mashaya da hanyoyin jama'a. Da fari ya afka a 1883, ƙananan makiyaya suka tarar an raba dabbobinsu da ruwa, sai suka riƙa fita da dare suna datse wayoyin, har aka yi asarar rayuka. A farkon 1884 majalisar jihar ta yi zama na musamman ta fitar da doka mai kaifi biyu. Datse shingen wani ya zama babban laifi mai ɗaurin shekara 1 zuwa 5, killace filin da ba naka ba shi ma ya zama laifi, kuma aka wajabta barin ƙofa a duk mil 3 inda shinge ya gitta hanyar jama'a. Sai da jini ya zuba kafin su gane cewa dokar shinge ta kamata ta riga shinge zuwa.

Mu a nan ba mu da uzurin jiran irin wannan darasi, domin mun riga mun ɗanɗana kuɗarmu. Dokar gandun kiwo ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi wuraren kiwo, al'ada kuma ta san burtali da mashaya tun kafin zuwan Turawa. Kowa ya san yadda gonaki da gine-gine suka yi ta cinye su, kuma ba talakawa kaɗai ne suka ci ba. Abin da rikicin manoma da makiyaya ya rikiɗe ya zama a Zamfara da Katsina da Binuwai da Filato ba ya buƙatar tuni. Ƙaya tana ruɓewa, don haka wanda ya toshe burtali da ita bana, baɗi ana iya sasantawa. Ƙarfe kuwa yana daɗewa. Idan babban ma'aikaci mai ritaya ko ɗan siyasa ya sayi ɗaruruwan fallaye ya kewaye tafkin da garuruwa uku ke shayarwa, ya mayar da zalunci na wucin gadi ya zama na dindindin. Fadama da rani ita ce lambun manomi, ita ce kuma mashayar makiyayi, kuma shingen da ya manta da ɗayansu fitina ce aka kafa.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace. Da farko, jihohi da ƙananan hukumomi, tare da hakimai da dagatai da arɗo-arɗo, su shata burtali da hanyoyin zuwa ruwa a kowace fadama, a kafa musu alamu na siminti, kafin a ba da tallafin ko da falle ɗaya. Duk ƙungiyar da ke neman rance ta kawo taswirar filinta da sa hannun wakilin makiyayan yankin. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun yi nisa a wannan fanni, tun daga dokar filayen karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ta kafa, zuwa dokar kiwo ta 2010 wadda ta amince da 'yancin zirga-zirgar makiyaya. Ma'aikatar Raya Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙiro a 2024 tana da abin koyi a nan kusa, ba sai ta tsallaka teku ba.

Na biyu, a yi ragar a gida. Abin kunya ne a ce sai an shigo da gicciyayyar waya daga ƙetare. Gaskiya ne cewa kamfanin ƙarafa na Ajakuta da aka soma tun 1979 bai taɓa yin aikin da aka gina shi dominsa ba, amma haɗa falle ba ya buƙatar Ajakuta. Yana buƙatar waya, da injin walda, da wurin wankan tutiya. Kano da Kaduna da Zariya cike suke da masu walda da ke ƙera ƙyamare da gadaje da injinan sussuka. Abin da suka rasa shi ne ma'auni guda da kasuwa tabbatacciya. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa ta fitar da ma'aunin kauri da girman ido da tutiya, kwalejojin kimiyya da fasaha su horar da matasa, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kuma ta gwada wane tsari ne ya fi tare awakinmu.

Na uku, tallafin ya kasance rance ga ƙungiyoyi, a biya bayan girbi cikin shekaru biyu ko uku. Mun ga yadda kayan rabon kyauta suke ƙarewa a kasuwa tun kafin masu jawabi su koma gida. Ƙungiyoyin mata masu kiwon awaki su sami kasonsu daidai da masu lambu, domin tsare dabba da tsare shuka aiki ɗaya ne.

Na huɗu, kada ƙarfe ya mantar da mu shinge mai rai. Iyayenmu sun san aguwa da dashi da cinidazugu da lalle da zogale, kuma sun san bagaruwa da magarya idan aka dasa su a jere suna zama katanga. Abin da ke kashe irin wannan shinge shi ne dabbobi suna cinye shi ko su tattake shi tun yana ƙarami. Idan aka kafa raga aka dasa jerin itatuwa daga cikinta, bayan 'yan shekaru itatuwan za su karɓi aikin, a cire fallayen a kai wani fili. Ta haka falle ɗaya zai reni shinge bayan shinge, manomi kuma ya daina sarar daji, ya koma mai ƙara masa.

Ba na da'awar cewa waya za ta kawo ƙarshen rikicin da ya haɗa da makamai da siyasa da rashin adalci na shekaru. Amma manyan gobara da yawa daga ɗan tartsatsi suka faro, kuma tartsatsin a karkararmu sau da yawa fangalin albasa ne da aka wayi gari an tattake. Rigakafi ya fi magani. Manomin da ya san lambunsa a tsare yake zai yi barci, ya tura ɗansa makaranta, ya gaisa da makiyayi ba tare da zargi ba. Makiyayin da ya tarar da hanyarsa zuwa ruwa a buɗe ba shi da dalilin taɓa shingen kowa. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. A killace lambu, a bar burtali. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.